Bushiyar da Abba Ya Bar Mini

Wata Juma'a ce a ƙarshen watan Janairun 2021, da hantsi, na tsuguna a bayan gidanmu na Al Thumama kusa da injin wanki, na ɗaga murfin kwali, na tarar Hajiya Ƙaya ba ta motsi. Hajiya Ƙaya bushiya ce. Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma a duk faɗin Doha ban san wata yarinya mai bushiya ba sai ni. Dafaffen ƙwan da na yanka mata jiya da magariba yana nan a murfin kwalba, ko sunsunawa ba ta yi ba. Kullum in na taɓa ta sai ta yi huci ta zabura, ta miƙar da ƙayoyinta don in san ni ba sa'arta ba ce. Ran nan na taɓa, na girgiza, na ɗauko ta da tawul na juya ta, shiru. Ta dunƙule tam. Na zura ɗan yatsa ta ƙasa inda gashin cikinta yake da laushi, na ji sanyi irin na tayil ɗin ɗakinmu. Na kira sunanta sau uku, kamar da ma ta taɓa amsawa. Abbana kuwa kwanansa goma sha shida ke nan a asibiti da korona, kuma abin da ya ce da ni a bakin ƙofa, ta cikin takunkumi, kafin motar asibiti ta tafi da shi, shi ne: "Uwata, ga Hajiya nan amana. Ki riƙe min ita har in dawo."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Injiniya ne a wajen haƙar gas can arewacin ƙasar, amma in ka ji shi yana hira sai ka rantse jiya ya ajiye koma, don ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, kuma digiri biyu ba su cire masa ƙauyen daga baki ba. Shi ya tsinto bushiyar a gefen titi a watan Oktoba, tana jan ƙafa ɗaya, ya kawo ta gida cikin hular kwanonsa ta aiki. Umma ta leƙa ta ce in dai ba miya za a yi da ita ba a mayar da ita inda aka ɗauko. Abba ya ce ai baƙuwa ce, ba a korar baƙo da magariba. Shi ya raɗa mata suna Hajiya, wai don ba ta fitowa sai rana ta faɗi, kuma in ta fito tafiyar ƙasaita take yi, ba ta gaida kowa. Ni na ƙara mata Ƙaya.

Shekarar nan duniyarmu ta tsuke ta koma cikin katangar rukunin gidajenmu. Gida goma sha biyu ne, da wurin ninƙaya da aka kwashe ruwansa aka ɗaure da jan ƙyalle, da titi ɗaya da muke zagayawa da keke har jiri ya kama mu. Makaranta kuwa rabinta a kwamfuta muke yi, in sa rigar makaranta a sama, a ƙasa ina ɗaure da zanin Umma. Aikina na safe shi ne goge duk abin da aka sayo daga kanti da ruwan bilic, har kwalin madara, har robar burodi, sannan in shanya wanki, sannan in shayar da gonar Abba. Gonar bokitai bakwai ne na fenti da ya huda gindinsu, ya shuka tumatir da yakuwa da alayyafo, don a Doha lokacin sanyi ne damina, da zafi ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro. Daga saman benenmu ana hango sabon filin ƙwallon da ake ƙarasawa, fari, zagayayye, kamar an kife hula a tsakiyar rairayi. Da yamma ni da 'yan matan wani gidan Sudanawa mukan yi 'yar carafke da duwatsun da muka tsinto, kowa da takunkuminta a haɓa. Amma da zarar an kira magariba sai in watsar da su in tafi farautar buzuzu da gyare a gindin katanga, don Hajiya ba ta yarda da abincin kyanwa kaɗai, sai an haɗa mata da abin da ke motsi.

Wanda bai zauna a Doha ba ba ya yarda akwai sanyi a can. Akwai, kuma mugu ne, don gidajen an gina su ne domin yaƙi da zafi. Bango ba ya riƙe ɗumi, ƙasa tayil ce, na'ura kuwa ta sanyi ce kawai. In iskar arewa ta taso a watan Janairu, cikin ɗaki ya fi waje sanyi, sai ka ga mutum da safa biyu yana neman rana kamar ƙadangare. A irin ranakun nan ne Abba yake dafa shayi da citta ya zaunar da ni ya buɗe jakar labaransa. Ya ba ni labarin tsuntsayen da ke sauka a fadamarsu da ɗari, dubbai, waɗanda suka gudo daga ƙasashen da ruwa ke daskarewa, su yi kiwo su yi ƙiba su koma. Wanda ya fi so kuwa labarin gaiwa ne. Ya ce in fadama ta ƙafe sauran kifaye su mutu, gaiwa sai ta nutse cikin laka ta naɗe jikinta da yauƙi ta kwanta, wata da watanni ba ci ba sha, har mutanen garinsu na cewa jikinta take ci. Su kuma yara sai su bi da fartanya su tono ta, busasshiya kamar tsohon takalmi, su jefa a ƙwaryar ruwa, jim kaɗan ka ga ta kaɗa wutsiya. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Ba duk abin da ya yi shiru ne ya mutu ba, Uwata." Na ji wannan magana ya fi sau ashirin. Amma ni a kaina labarin kifi ne da fari, ban taɓa kawo shi kusa da bushiya da sanyi ba.

Kwalin Hajiya a ƙarƙashin matakala yake, cikin gida. Da aka tafi da Abba aka killace mu mako biyu, Umma, wadda take aiki a ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti, ta shiga wanke gidan kamar za ta kankare fentin. Duk abin da take zargi sai ya fita waje, har da kwalin. Ta ce ba ta san abin da dabbar daji ke ɗauke da shi ba, kuma ciwo ɗaya ya ishe ta. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Mace ce da mijinta ke kwance inda ba a barin ta shiga. Na mayar da kwalin bayan gida, kan siminti, daidai inda iska ke bi tsakanin katanga da bango. A makon ne kuma sanyin ya yi tsanani, ƙwarin gindin katanga suka ɓace ƙaf, Hajiya ta rage ci. Na ɗauka fushi take yi da ni.

Da na shigo da ita cikin tawul ina kuka ranar Juma'ar nan, Umma ta taɓa ta da bayan cokali ta ce ta mutu, a ƙulla a leda a kai kwandon shara. Na ƙwala ihun da ya jawo Kawu Isuhu daga bakin ƙofa. Kawu Isuhu mai gadin rukunin ne, mutumin Ƙaura, dogo mai furfura a gemu. Ba mu haɗa jini ba, amma shi ya riƙa ajiye mana cefane a bakin ƙofa duk kwanakin killacewa, kuma shi kaɗai ne a unguwar yake tsokanata da Hausa. Ya sa bayan hannu a cikinta, ya kai ta kusa da kunnensa, ya girgiza kai.

"Khalas, shi ke nan, ɗiyata, ta cika. Amma ba a zubar da amana a shara, Hajiya," ya ce da Umma, sannan ya juyo gare ni. "Yalla, maza ɗauko mata ƙyalle mu suturta ta tun kafin masallaci. Ba a barin gawa tana jiran mutane."

Mu mutane ne masu gaggawar sutura. Haka muka tashi muka gani, wanda ya rasu da safe ba ya kai la'asar a gida, kuma muna ganin wannan shi ne mutunta shi. Kawu Isuhu alheri ya yi mini, da abin da ya sani. Na naɗe ta a tsohon ɗankwalina, na juye zare da allurai daga gwangwanin biskit ɗin Umma, na sa ta a ciki, na danna murfin sosai don kada tururuwa ta shiga. Muka zagaya bayan katanga, inda akwai wani fili da bishiyar kurna guda ɗaya, ya tona rami da bai kai kamu biyu ba, muka rufe, na ɗora dutse. Ina jin har wani daɗi na ji a raina, wai na yi mata gata.

Da yamma ma'aikaciyar jinya ta riƙa wa Abba waya muka gan shi. Ya rame, roba a hancinsa, kalma biyu sai ya tsaya ya nemi numfashi. Ya tambayi Umma gida, ya tambayi tumatir. Sannan ya ce, "Uwata, yaya Hajiya?" Umma ta matse mini gwiwa ta ƙasan tebur. Na ce lafiyarta lau, ta cinye ƙwanta. Ya yi murmushi ya ɗaga babban yatsa. Ranar Lahadi aka kira Umma aka ce huhunsa ya gaji, likitoci sun sa shi barci, na'ura ce za ta riƙa yi masa numfashi har ya huta. Ke nan magana ta ƙarshe da na yi da mahaifina ƙarya ce.

Ranar Talata muna da darasin kimiyya. Malamarmu 'yar Indiya ce, mai son nuna abu da hannu. Ta kashe fitilar ɗakinta, ta riƙe ƙwallon duniya a karkace, ta haska shi da tocila, ta nuna mana cewa ba nisa da rana ke kawo sanyi ba, karkacewar duniya ce, hasken sai ya zo a kwance, yini ya gajarta, ƙasa ta kasa ɗumama. Daga nan ta shiga yadda dabbobi ke yi. Masu fiffike su yi ƙaura. Wasu gashinsu ya ƙara kauri, wasu su tara kitse tun kaka. Ƙananan kuwa, waɗanda jikinsu ke saurin zubar da ɗumi kuma abincinsu ke ɓacewa da sanyi, sai su yi wata dabara: su rage wutar jikinsu da kansu. Zuciya ta koma bugawa jefi-jefi, numfashi ya yi nisa da juna har ka zaci babu, jiki ya yi sanyi daidai da ƙasar da suke kwance a kai, su rayu da ɗan kitsen da suka tara har yanayi ya sassauta. Ta ce ba sai ƙasashen ƙanƙara ba, har bushiyar saharar nan tamu tana yi in dare ya yi sanyi, kwana ɗaya, kwana uku, ta farka. Ina zaune da zanin Umma, na ji kamar an zuba mini ruwan firji a baya. Na rubuta mata tambaya, yaya ake gane wadda ta mutu da mai barci. Ta yaba tambayar. Ta ce wadda ta mutu jikinta yakan saki ta warware, wadda ta dunƙule tam kuwa da ranta, a kai ta wuri mai ɗumi a hankali a ba ta lokaci.

Ban rufe kwamfutar ba. Na fita ba takalmi, ba takunkumi, na wuce Kawu Isuhu a guje, ya biyo ni yana kira. Da hannu na tona. Rana ta bugi rairayin, gwangwanin da na ciro da ɗumi a jikinsa, kuma wannan ɗumin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina, don na gane abin da ya faru tun kafin in buɗe. Zafin ranar da ya gasa ƙasar shi ya tashe ta. Ta warware, ta ture ɗankwalin gefe guda ta yayyage shi, ta mutu a miƙe da hancinta a bakin murfin da na danna da hannuna. Kawu Isuhu ya leƙa, ya cire hularsa ta aiki, ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "Rashin sani ya fi dare duhu, ɗiyata. Ni na ce a yi sauri." Muka mayar da ita. Tun daga ranar bai ƙara tsokanata ba.

Da na sani ƙeya ce, amma yaro ba ya zama da ita haka nan, sai ya nema mata aiki. Na ɗauki darasin nan na ɗora a kan Abba. Na ce ai shi ma abin da yake yi ke nan, ya rage wutar jikinsa, ya kwanta kamar gaiwa har ciwon ya wuce. Na riƙa shayar da tumatir sau biyu a rana. Na shirya yadda zan gaya masa gaskiya in ya farka, na maimaita kalmomin a banɗaki har na haddace, na san zai ce Uwata ba ki ji labarin gaiwa ba ne, sannan ya yafe. Abin da nake jira ke nan, ya farka in faɗa masa ya yafe. Kwana tara ina wannan jira.

Da safe aka kira, ina tsakiyar darasin lissafi. Na ji wayar Umma ta faɗi a kan tayil. Abin da na yi bayan nan har yau matan da suka zo gaisuwa suna tunawa, kodayake ba sa faɗa a gabana. Na riƙe ƙafafun Umma na ce ta kira su ta tambaya, a dunƙule yake ko a miƙe. Na ce ta ce su rufa masa bargo su jira, ko kwana ɗaya ne, kada su rufe shi, ba su sani ba, mu ma ba mu sani ba muka rufe. Umma ta durƙusa ta rungume ni, tana cewa, "Mutum ba bushiya ba ne, Hanifa. Mutum ba bushiya ba ne." Bayan la'asar aka binne shi. Maza ƙalilan aka bari suka je saboda dokar lokacin, Kawu Isuhu na cikinsu. Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa na tambaye shi ko ya ga fuskarsa, ko ya taɓa shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ba a buɗe wa kowa ba.

Gidan na wurin aikin Abba ne, don haka bayan takaba muka tashi. Umma ta mayar da takardar zamana ƙarƙashin aikinta, muka koma ɗaki biyu a unguwar Madinat Khalifa, bokitan tumatir muka bar wa Sudanawa. Ban ƙara taka Al Thumama ba sai da sanyi ya zagayo karo na biyu, lokacin gasar cin kofin duniya, da wata ƙawar Umma ta matsa sai an fitar da ni na ga mutane. Garin ya cika ya batse. 'Yan Senegal sun taho da gangunansu, jikinsu duk fenti, kowa na rawa a titi, ba takunkumi ko ɗaya, kamar ba a taɓa yin wata cuta ba. Mun bi ta bayan tsohuwar katangarmu. Babu kurna, babu fili, an shimfiɗa kwalta an ja fararen layuka, manyan motocin 'yan kallo sun jeru. A nan na ga Kawu Isuhu da riga mai ƙyalli yana nuna wa direbobi hanya, an dawo da shi gadin wurin. Ya gane ni duk da na yi tsawo. Bai tambaye ni makaranta ba. Ya kai ni layi na uku, ya nuna wani wuri da ƙafarsa a ƙarƙashin tayar wata mota, ya ce, "Nan ne. Kullum nakan duba." Aka ci ƙwallo a can cikin filin wasan, wurin ya ɗauki ihu har ƙasa na rawa, mu biyu muna tsaye muna kallon kwalta.

Yanzu ina jami'a a gida Najeriya, kuma ilimin halittu nake karanta, ba sai an tambaye ni dalili ba. Na san sunan kowace dabara da dabba ke yi wa sanyi, na san abin da ke faruwa a jinin kwaɗo da zuciyar jemage, na kuma san sarai cewa likitocin nan ba su yi kuskure ba, na'urorinsu ba sa ruɗuwa kamar bayan hannun mai gadi da yatsan yarinya. Kaina ya yarda da wannan tuntuni. Amma in na je hutu Doha da sanyi, na tarar Umma ta koma barci bayan asuba ta dunƙule cikin bargo, sai na tsaya a kanta na ga bargon ya ɗaga ya sauka kafin in iya shan shayi. Ana cewa barci ƙanin mutuwa ne, ni kuwa na taɓa kasa bambanta wa da ƙane, kuma wanda zan gaya wa ya tafi yana zaton ta cinye ƙwanta. A da ina da bushiya da uba ban da sani. Sanin ya zo, kwana huɗu a makare.